Yinin da muka yi a Ƙofar Ruwa da motar Kawu

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da hantsi, ƙarar guduma da warin baƙin mai ne za su fara tarbarsa. Ga injuna a jibge, ga yara masu koyon aiki suna ta kai da kawowa da sifana a aljihu. Mu uku muka je, dukkanmu ɗaliban injiniya, muka raka Kawu da tsohuwar Hilux ɗinsa. Da ita yake ɗauko albasa daga ƙauye, kuma da ita ake biya wa ɗayanmu kuɗin makaranta.

Abin da ya kai mu shi ne, da zarar Kawu ya saki kuloci ko ya sa ribas, sai a ji "ƙwal" daga ƙarƙashin motar. An ce masa aksul ɗin baya ne ya lalace, har ya ranto kuɗin sayen wani.

Wani dattijon makanike muka samu. Ya sa aka tokare tayoyi da duwatsu, aka cire giya, sannan ya kwanta ƙarƙashin motar ya kira mu. "Samari, wurare uku ake fara zargi," in ji shi. "Kuros ɗin furofela, boris ɗin da ke riƙe ta a tsakiya, sai haƙoran cikin aksul." Ya kama furofelar, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ya murɗa ta. Muka ga kuros ɗin baya yana wasa, jan tsatsa na fita daga gefensa. Ya kwance man aksul ya murza a yatsa, babu ɓurɓushin ƙarfe. Ashe aksul lafiyarsa ƙalau. Ya gargaɗi Kawu cewa kuros irin wannan kan iya tsinkewa ana tsakiyar gudu, furofela ta caki ƙasa.

Kawu ya ƙara da wani kuka: tun da ya sa manyan tayoyi, motar ba ta jan kaya a hawa. Dattijon ya ɗauko tsofaffin giya biyu na cikin aksul ya ce mu ƙirga haƙora. Babbar tana da 41, ƙaramar 10. Muka raba, muka samu 4.10, wato furofela za ta juya sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Babbar taya tana cin ƙasa da yawa a juyi guda, shi ya sa inji ke wahala. In aka koma mai 41 da 9, wato 4.56, ƙarfin ja zai dawo. Amma tunda motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a canja gaba da baya tare, in ba haka ba su riƙa jayayya har wani abu ya karye.

Lissafin nan mun sha yin sa a aji, amma ranar muka fara taɓa shi da hannu.

Kawu ya yi shiru yana auna aljihunsa. "Baba, a canja kuros ɗin kawai," ya ce. "Tayoyin kuwa zan koma na asali."

Bayan La'asar muka fito. A kowace danja muna kasa kunne, ba mu ji komai ba. Washegari Kawu ya mayar da kuɗin da ya ranta, saura kaɗan ya cike.