Ɓarawon Inji a Bakin Kumadugu

Motar Diffa tana barin Damagaram tun da duhun asuba, domin direba yana son shiga gari da sauran rana. Gure, Gudumariya, Maine Soroa: sama da kilomita 400 na kwaltar da rairayi ke ci daga gefe, ga shingayen jandarmomi inda ake sauka da katin ɗan ƙasa a hannu. Bayan Maine ne bukkokin zana da tamfol ke fara jeruwa a bakin titi, matsugunan mutanen da suka baro ƙauyukan bakin kogin Kumadugu tun 2015.

A nan gardama ta tashi. Wani Alhaji mai fataucin tattasai ya ce a cikin wata guda an ɗauke wa manoman da yake saye a hannunsu injinan ban ruwa har uku. "Wallahi a datse hannun mutum ɗaya ranar kasuwa a bainar jama'a, sai ka bar injinka a fili ka je ka yi barci." Rabin mota ta ce haka ne. Wata dattijuwa da ke rungume da jikanta ta ce, "Alhaji, mu daga inda ake datsewar muka gudo." Ba wanda ya tanka mata.

Mai masaukina a Diffa dattijo ne daga Kanurin Mobar, masu noman kwarin Kumadugu tun kaka da kakanni. Da hantsi ya kai ni garkarsa. Kogin bai kai faɗin da sunansa ya kai ba. Da rani akwai wuraren da yaro ke tsallaka shi da ƙafa, kuma gaɓar can Najeriya ce. An shanya tattasai a kan ƙasa, ja wur, har idon mutum na yaji, ƙanshinsa na shaƙe maƙogwaro. Shi ne jan zinarin da ya gina gidajen siminti na garin. Injin ban ruwan yana zaune a kan tsohuwar taya, an zarga masa sarƙa an ɗaure da turke, an kuma kulle da kwaɗo biyu. Duk da haka, in la'asar ta yi sai a kwance shi a ɗora a amalanke a kai gida.

Na faɗa masa maganar Alhajin mota. Ya daɗe yana gyara bakin tiyo kafin ya nuna gaɓar can da haɓa. Damasak na can, garin da Boko Haram ta kama a Nuwamban 2014, ta riƙe har sojojin Nijar da Chadi suka ƙwato shi a Maris ɗin 2015. Yana da dangi da suka zauna ƙarƙashin mutanen daji, a can da cikin tsibiran tafkin Chadi. "Ɗana, sun ga bulala a kan taba sigari, sun ga wuƙa a kan akuya. Amma mai riƙe da wuƙar shi ne ya kore garke sukutum, ya ce ganima ce. Sata ba ta ƙare ba, hannu ta sauya."

Wani zai ce ai waɗannan 'yan ta'adda ne, ba hukuma ba. Gaskiya ne. To a dubi Zamfara, inda hukuma ce da kanta. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, kuma a Maris ɗin 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya. Duniya ta ji, har ƙauyen da babu rediyo ya ji. Bayan shekara goma da 'yan kai, jihar nan ce ta zama cibiyar satar shanu da garkuwa da mutane, ana kore garke da bindiga da rana tsaka. Ban ce yanke hannun ne ya haifi 'yan bindiga ba. Abin da na ce shi ne bai hana su ba, kuma ban taɓa jin an yanke hannun wanda ya wawure baitulmali ba.

Ni Musulmi ne, ba na jayayya da ayar yanke hannun ɓarawo. Amma malaman fiƙihun da suka karantar da mu ba su tsaya a kan wuƙa ba. Sun ce sai kayan sun kai nisabi, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai da shaidu adilai ko iƙirari, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Masu kiran a datse a cikin mota ba sa kawo wannan rabin karatun, alhali shi ne ya fi dacewa da Diffa.

Domin kuwa yunwar Diffa an san mafarinta. Bayan harin Boko Haram na 6 ga Fabrairun 2015 a kan Bosso da Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, dubban 'yan kabu-kabu suka wayi gari ba sana'a. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, aka taƙaita takin zamani da man fetur, don kada kuɗi da kaya su isa daji. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu aka umarci mutanen tsibirai su fice cikin 'yan kwanaki, da yawansu a ƙafa. Gwamnati tana da hujjarta, yaƙi ne. Sai dai tsananin ya sauka ne a kan manomi da masunci, kuma bai hana a kwashe mata da yara sama da 30 a ƙauyen Ngalewa a Yulin 2017 ba. Cikin shekarar ne aka ɗage haramcin tattasai. Saurayin da ya rasa babur da garka da koma a lokaci guda, da me za a tsorata shi?

Na tambayi dattijon ko an taɓa yi masa sata. Sau ɗaya, in ji shi, kuma ya kai ƙara. Aka rubuta, aka ce ya je za a neme shi, shiru. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To shi lissafin dubun yake yi. Ko kai za a sare masa, in ya san ba mai bin sawunsa, zai zo." Abin da ya rage satar a unguwarsu, in ji shi, manoma ne suka haɗa kuɗi, samari na kwanan gadi bi da bi, kuma kowane inji an yi masa shaida da ƙarfe mai zafi, an sanar da masu gyara na kasuwa. Inji mai shaida ba ya sayuwa. Wanda aka kama ana kai shi gaban bulama, ya biya, iyayensa su ji kunya, in ya ƙi a miƙa shi ga hukuma. Ba jini, amma kowa ya san ba a kuɓuta.

A dawowa mota ta tsaya a Gudumariya, inda aka gwada akasin wuƙa. A Disamban 2016 Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya yi shelar cewa duk ɗan Boko Haram da ya ajiye makami za a karɓe shi. Aka buɗe cibiyar tubabbu a garin, ana koya musu ɗinki da kafinta da walda, kuma a Disamban 2019 aka yaye rukunin farko, mutum sama da 100. Mutanen Diffa da yawa ba su ji daɗi ba, kuma ba zan ga laifinsu ba: wanda aka kashe wa uba yana kwana a bukkar tamfol, wanda ya fito daga daji an ba shi keken ɗinki. Wata mai tuyar ƙosai a tasha ta ce mini, "Malam, ni ban yafe ba." Ta juya ƙosanta, sannan ta ce ƙanen mijinta yana cikin waɗanda suka fito, kuma da ya san yanka ke jiransa a gida, da har yau yana can da bindiga.