Don Daɗi Muke Karantawa



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka yi hira da marubuci ko marubuciya a rediyo, ko aka tare makaranci da littafin soyayya a hannu, sai ka ji an ce, "To wane darasi ke cikin littafin nan?" Shi kuma wanda aka tambaya sai ya hau kame-kame, ya ce faɗakarwa ce, wa'azi ne, gyaran tarbiyya ne, sai ka ce wanda aka kama da akuyar mutane. Da wuya ka ji wanda zai buɗe baki ya ce, "Daɗi yake mini, shi ya sa nake karantawa." To ni abin da na zo faɗa ke nan yau, kuma daga garinmu zan ɗauko zancen.

Ni mutumin Lahodu ne, cikin ƙasar Wurno, a gabashin jihar Sakkwato. Yankinmu yankin fadama ne, shinkafa da albasa da tafarnuwa, daga nan har Goronyo inda aka datse gulbin Rima. Kuma ba baƙin littafi ba ne mu. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake, kuma kowa ya san yawan abin da ya rubuta shi da 'yar'uwarsa Nana Asma'u. Sai dai a kunnen mutanenmu kalmar karatu abu biyu take nufi: ko dai allo da littattafan zaure, ko kuwa karatun cin jarrabawa. Dukkansu ana yin su ne da ɗaure fuska. Idan aka ga yaro ya tasa littafi gaba yana murmushi shi kaɗai, to lallai da walakin, goro a miya.

Wajejen tsakiyar shekarun 1990 na fara cin karo da waɗannan littattafai, ina gab da gama firamare. Hanyar da suke bi su iso mana doguwa ce. A Kano ake buga su, 'yan kasuwa su kawo su Sakkwato, daga nan sai wanda ya kai albasa birni ya dawo da biyu ko uku a aljihun babbar riga, ko ɗalibar makarantar kwana ta zo hutu da su a ƙasan akwati. Kafin littafi ya zagayo hannuna ya riga ya sha wuya: bango ya yage, an ɗinke shi da zare da allura, ga tabon manja, ga sunayen mutum biyar a shafin farko kowa na cewa nasa ne. A cikin garin Wurno akwai wani mai tebur da ke ba da haya, ka biya ka karanta ka mayar washegari, in ka ƙara kwana ka ƙara kuɗi. Wannan doka ta koya mini saurin karatu fiye da duk wata bulala da na sha a aji.

Mu maza da na yaƙi muka fara. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, waɗannan a makaranta muka same su, saboda haka suna da lasisi, ba mai hana ka. Amma da littattafan su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih suka shigo, sai abin ya zama wani iri. Sadaukai masu sara ɗaya su raba doki da mahayinsa, bokaye masu madubin tsafi, aljanu masu fukafukai, birane masu sunayen da ba ka taɓa ji ba kuma ba za ka same su a taswira ba. Na sha zama a kan ɗaki-ɗakin tsaron tsuntsu a gonar shinkafa, igiyar gwangwani a hannu ɗaya littafi a ɗayan, jan-baki na ta shagali a gona ni kuwa ina can bayan teku na bakwai. Wane darasi na koya? In dai gaskiya ake so, babu. Amma yaron da iyakar tafiyarsa Sakkwato ce, sau ɗaya a shekara, ya sami wurin da zuciyarsa ke zuwa ta miƙe ƙafa.

Na soyayya kuwa mun ce na mata ne. A baki ke nan. Duk wanda ya gama nasa na yaƙi, da dare sai ya lallaɓa ya ari na ƙanwarsa.

Ni ban ma sha wahalar lallaɓawa ba, domin aiki aka ba ni. A gidanmu akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da matan yayyena biyu. Duk cikinsu ba wadda ta yi boko, kodayake Gwaggo tana karanta ajami sarai. Bayan sallar isha, in an gama tuwo, sai a shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, a ce, "Ɗan boko, taho ka karanta muna." Ladana ƙuli-ƙuli ne ko ɗan kanzo, wani lokaci kuma a ɗauke mini zuwa ɗiban ruwa da safe.

Karatun ba ya tafiya a miƙe. Da Hausar Kano aka rubuta littattafan, mu kuwa Sakkwatanci muke yi, don haka kowane shafi sai an tsaya. In marubuciya ta sa wata kalmar 'yan birni, ko ta jefa Turanci, sai Gwaggo ta ɗaga hannu: "Tsaya ɗana, mi tac ce mai?" In juya mata da harshenmu. Ita kuma ta gyaɗa kai ta ce, "Wagga ɗiya ba ta da kunya, amma ta yi gaskiya." A haka na gane cewa Hausa ba ɗaya ba ce, tun kafin wani malami ya gaya mini kalmar karin harshe.

Daren da muka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ba zan manta da shi ba. Da aka zo inda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad an ce sai Abdulƙadir mai kuɗi, sai tabarmar ta rabu biyu. Amaryar yayana tana share hawaye da gefen zane, uwargidan babban yayanmu kuwa cewa take wannan ai hauka ne, wace ɗiyar kirki ke kashe kanta don namiji? Gwaggo ta yi shiru can, sannan ta ce ita ba rijiyar ta dame ta ba, iyayen da suka ga yarinya tana ramewa suka kau da kai su ne abin tambaya. Daga nan hira ta bar Sumayya ta koma kan wata 'yar unguwarmu da aka yi wa irin wannan auren shekarun baya, aka yi ta magana ƙasa-ƙasa, aka manta ina zaune. A gidan nan ba a taɓa tayar da zancen auren dole a gabana ba sai a wannan dare, kuma littafi ne ya buɗe ƙofar.

Haka aka yi da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Alhaji Abdu, wanda ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda Delu, ya sha tsinuwa a tsakar gidanmu kamar maƙwabcinmu ne. Da kasuwa ta ƙone masa dukiya kuwa har guɗa aka yi, sai da yayana ya leƙo ya tambaya ko haihuwa aka yi.

To a nan ne wani zai ce, ai ga darasin nan da kake musu. Ban musa cewa ana tsintar abu a ciki ba. Abin da nake cewa shi ne ba shi ya zaunar da su a tabarma ba. Matan nan tun asuba suke kan ƙafa: daka, surfe, ɗora sanwa, wankin yara, yankan albasa lokacin kaka har idanu su yi ja. Awa ɗayan nan ta dare ita kaɗai ce tasu. Da na zo musu da littafin nasiha da sun yi barci kafin shafi na uku. Abin da ya riƙe su shi ne son jin yadda za ta kaya, da daɗin tsine wa mugu, da ganin an kwatanta ɗakin amarya da gado da labule irin wanda ba su taɓa gani ba. In wani abu ya shige su ta wannan hanya, to a bayan daɗin ya biyo, kamar yadda magani ke bin zuma.

Su ma masana da suka yi ta kai ruwa rana a jaridu a shekarun 1990, a ganina wannan gefen bai sami rabonsa ba. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su kai a jera su da na su Abubakar Imam ba. Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, ya nuna cewa sun sa dubban matasa, musamman mata, karatu da rubutu da harshensu. Na fi karkata ga na biyun, domin ni shaida ne. Amma ko masu kare su ɗin, da amfani suke kare su. A 2007 kuwa magana ta wuce jarida, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta ce marubuta su zo su yi rajista. Mu a makarantarmu tun kafin nan wani malami ya riga ya fara nasa: in ya kama littafi a ƙarƙashin benci sai ya yaga shi biyu a gaban aji. Abin dariyar, a kan teburinsa kullum akwai James Hadley Chase, mai hoton mace da bindiga a bango. Na Turanci gyaran Ingilishi ne, na Hausa lalacewa. 'Yan matan birni da ke karanta Mills & Boon na Ingila ma ba wanda ya ɗaga musu murya.

Ba ina cewa duk littattafan na kirki ba ne. Wallahi akwai tarkace. Akwai wanda za ka karanta ka ga fim ɗin Indiya ne aka sauya wa sunaye, akwai wanda kowane saurayi sai ya zama ɗan Alhaji mai Marsandi da gida a Landan, kowace budurwa fara ce mai dogon hanci da gashi har gadon baya, kamar mu baƙaƙe ba a son mu. Ƙa'idar rubutu kuwa sai dai a yi shiru. A yanzu da abin ya koma waya, ana turawa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, har da na batsa tsagwaronta waɗanda ba zan so 'yata ta gani ba. Amma makaranci ba wawa ba ne. Gwaggo da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, in littafi ya cika ƙarya tana cewa, "Aje shi, wanga bai san duniya ba." Wanda ya karanta goma shi ke gane na sha ɗaya ko ya yi ko bai yi ba. Lokaci ma ya yi nasa alƙalancin: littafin Hajiya Balaraba da muka yi wa guɗa, a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, daga 2016 kuma BBC Hausa ta fara gasar Hikayata don mata marubuta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance shi ne halin da yankinmu ya shiga. Duk mai sauraron labarai ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa gabashin Sakkwato. A watan Oktoba 2021 sun faɗa kasuwar Goronyo sun kashe mutane da dama, ƙauyukan Rabah kuwa tun kafin nan suke kwana da ido ɗaya. Hirar dare a ƙofar gida ta ragu, kiɗan biki ya ragu, in kare ya yi haushi kowa sai ya kasa kunne. A irin wannan dare, yarinyar da ta shige ɗaki ta lulluɓa tana karanta yadda wani saurayi ke rarrashin budurwarsa, ko yaron da ke bin sadaukin da ke karkashe azzalumai ɗari shi kaɗai, ni ba ni da zuciyar da zan tsaya a kansa in ce wane darasi ka koya.

A watan Satumba na shekarar 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Na je gida a lokacin, waya ta zama fitila kawai. 'Yar yayana, wadda ta saba bin labari uku a lokaci ɗaya ta WhatsApp, duk ta bi ta rasa inda za ta sa kanta. Sai uwarta, wato amaryar nan mai share hawaye da gefen zane, wadda yanzu har ta yi jikoki, ta jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. A ƙasan zannuwan aurenta akwai littattafai kusan ashirin, wasu da rubutun hannuna na yarinta a bango. Shekara sama da ashirin tana ajiye da su, ita da ba ta iya karanta ko ɗaya.

Daren nan 'yar ce ta karanta, uwar da maƙwabta biyu suna saurare, ni ina daga bakin ƙofa. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, saboda haka ba mai tsayar da karatu. Suka cinye na ɗaya da na biyu na wani labari a kwana biyu, aka zazzage adaka ba na uku. Yarinyar ta biyo ni har bakin mota da safe, ta ce, "Baba ƙarami, don Allah in ka shiga Sakkwato ka duba muna na ukun." Na shiga kasuwa wurin da masu littattafai suke a da, na tarar yawancinsu sun koma sayar da caja da murfin waya. Wani dattijo a cikinsu ya karɓi sunan littafin ya rubuta a bayan kwali, ya ce in dawo bayan sati biyu, yana da yaro mai zuwa Kano.