Ɗari bisa ɗari, amma yara nawa aka ƙirga?

Duk shekara da zarar sakamakon BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare (JHS), ya fito, sai ka ga makarantun kuɗi na unguwanninmu na Nima da Maamobi sun rataya ƙyalle a bakin ƙofa, wai ɗari bisa ɗari, yaransu kaf sun haye. Ni dai ina so mu tattauna yadda ake haɗa ɗarin nan.

Ga wanda bai san lissafin ba: hukumar jarrabawa ta WAEC na ba kowane darasi maki daga 1 zuwa 9, kuma 1 ne gwani. Ana tara darussa shida, wato Turanci, lissafi, kimiyya da soshiyal, sai biyun da yaro ya fi ƙoƙari a cikin sauran. Jimillar nan da zaɓin makarantun da yaro ya cike su kwamfuta ke dubawa ta tura shi babbar sakandare, tsarin da ake bi tun 2005. Da sakandare ta zama kyauta a 2017, rububin gurbi a irin su Achimota, Accra Academy da Presec ya ƙara zafi, a lokacin kuma aka ware wa 'yan makarantun gwamnati kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu. Mai makarantar kuɗi ya san hajarsa ɗaya ce, jimillar maki.

To a nan gizo ke saƙar. A ƙarshen aji biyu na JHS, wasu makarantu kan yi jarrabawar tankaɗe da rairaya. Yaron da aka ga zai ɓata ƙyalle, sai a kira uwarsa ofis a ce mata, "Hajiya, gara ya maimaita, don amfaninsa ne." In ta ƙi, a ba ta shawara cikin ladabi ta je ta yi masa rajista a wani wuri. Yaron nan fa tun yana KG ake karɓar kuɗinsa. Shekara goma ana karɓa, ba wanda ya zaunar da shi ya gano me ya sa karatu ke ba shi wuya, sai da rajistar WAEC ta matso aka tuna ba shi da ƙoƙari. Maimaita aji ba laifi ba ne in akwai malamin da zai bi shi da gyara. In babu, shekara guda aka cinye masa, kuma shi yana sane da dalilin da ya sa aka cire shi cikin tsararrakinsa.

Waɗanda suka tsallake kuma ekstira ta haɗiye su: da sassafe, bayan tashi, har Asabar, ga mok (jarrabawar gwaji) kan mok, kowanne da kuɗinsa. Abin da ke faɗuwa shi ne makarantar malam. Yarinyar da ta kusa sauka sai ta ajiye allo, wai sai bayan jarrabawa, kuma mun san yawancinsu ba sa komawa. Alhali tun 1987 hukumar ilimi ta Gana take da sashen ilimin Musulunci, kuma daga 2024 Larabci ya shiga darussan zaɓi na BECE. Makarantar da ke tsakiyar Zango ba ta da hujjar tsara jadawali kamar ba ta san 'ya'yan wa take koyarwa ba.



Ban ɗora wa masu makaranta dukkan laifin ba. Mu ma muna jinkirta kuɗin zango har a koro yaro gida, kuma mu ne ke bin ƙyalle mu kai 'ya'yanmu. Malaman ma albashinsu bai taka kara ya karya ba, ekstirar ce ke cike musu giɓi.

Ni a taron iyaye mai zuwa zan ɗaga hannu in tambayi shugaban makaranta yara nawa suka shiga aji ɗaya na JHS, nawa daga cikinsu suka zauna BECE da sunan makarantar, sauran kuma ina suke yanzu. Wanda ya taɓa yin tambayar a tasu makarantar, don Allah ya faɗa mana amsar da aka ba shi.