Daga Falomo Zuwa Tarkwa Bay: Yinin Abokan Ango A Kan Ruwa

Mutumin da ya zo Ikko daga Arewa yakan yi shekara da shekaru yana zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, bai taɓa sa ƙafarsa cikin kwalekwale ba. Iyakar abin da ya sani game da ruwan garin shi ne wanda yake hangowa ta tagar mota in yana bisa gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Alhali kuwa ruwa ne ya yi garin. Sunan nan Legas ma Turawan Fotugal suka laƙaba masa, ma'anarsa tafkuna a harshensu. Kowace unguwa ta masu hali, daga Ikoyi zuwa Victoria Island har Lekki, tana da ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta ruwa, kuma ta biyun ba ta san cunkoson motoci ba.

A 'yan shekarun nan samarin garin sun ɗauki wata al'ada wadda ta bi ta wannan ƙofa ta biyu. In biki ya matso, saura mako ɗaya ko biyu a ɗaura aure, sai abokan ango su yi karo-karo su ɗauki hayar jirgin ruwa sukutum na yini guda, su fita da shi bayan gari, a ci, a sha, a yi iyo. Ƙawayen amarya ma sukan yi nasu daban. A gida mun san kamu, mun san sa lalle, mun san wankan ango wanda ƙwarya ɗaya ta ishe shi. A nan kuwa sai an haɗa da teku gaba ɗayanta. Ɗan wani aminina, haifaffen Agege, shi ne angon da ya sa na ga abin da idona, don ubansa ya ce ba za a tafi ba sai da babba a ciki. Ni ne babban.

Mun taru wata Asabar da hantsi, cikin hunturu, a kwatar Falomo, inda Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, take da mazauninta. Mu 24 ne, ban da matuƙi da yaransa biyu. Kafin kowa ya taka jirgi sai da aka rubuta sunansa, aka ba shi rigar nan mai hana nutsewa, aka ɗaure masa ita tamau. Wasu samarin suka yi ta gunaguni wai ta ɓata musu ado, ga shi an yi ankon riguna farare domin hoto. Matuƙin bai tanka musu ba, bai kuma ta da inji ba, har sai da na ƙarshensu ya sa tasa.

Ruwan da ke gaban kwatar shi ake kira Five Cowrie Creek, wani siririn hannu ne da ya raba Ikoyi da Victoria Island, ana kuwa cewa sunan ya samo asali ne daga wuri biyar da masu fito suke karɓa a zamanin da. Da farko muka nufi gabas domin a ɗauki hoto a gindin gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, mai dogon ginshiƙi guda da igiyoyin ƙarfe suka sauko daga gare shi kamar tsirkiyar garaya. Tun a nan wani ya fara tuɓe takalmi zai faɗa ruwa. Matuƙi ya hana. Ruwan wurin ba na wanka ba ne, magudanan unguwanni duk nan suke zubowa, ga ƙananan jirage masu gudu suna kai da kawowa ba sa ganin kan mutum sai sun zo kansa. Daga nan muka juya yamma, muka wuce kulob ɗin masu jiragen inji na titin Awolowo, muka bi ta ƙarƙashin gadar da ta sauka Onikan, sai ga mu a fili.

Gani ya kori ji. Tashar Apapa ce a gabanmu, manyan jirage jere, kowanne ya fi gidan bene tsawo, namu kuma a gefensu kamar ɓawon gyaɗa. Waɗanda suka manyanta za su tuna 1975, shekarar da ɗaruruwan jirage maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a bakin wannan mashiga wata da watanni suna jiran layi, abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can aka buɗe ta a 1977. Muka karkata kudu, muka bi hanyar da jiragen suke bi su fita teku, otal ɗin Federal Palace yana hagunmu. Ruwa ya fara sauya launi daga ƙasa-ƙasa zuwa tsanwa, jirgi ya fara ɗagawa yana sauka, kiɗa kuma ya ɗan lafa don wasu cikinsu ya fara juyawa. Tafiyar duka ba ta fi ta minti 20 ba ga jirgi mai sauri.

Tarkwa Bay wani ɗan lungu ne na rairayi a hannun dama, dab da inda tafki ya haɗu da teku, ba kuwa hanyar mota da ta isa can. Abin da ya sa masu biki suke zaɓensa shi ne ruwansa a kwance yake, saɓanin sauran gaɓar Ikko inda igiyar ruwa takan zo da ƙarfi ta kā da ƙato. Amma ya kamata mai karatu ya san cewa wannan kwanciya ba haka aka halicce ta ba, hannun mutum ne ya yi ta. A zamanin da akwai tudun yashi a bakin mashigar wanda ya hana manyan jirage shiga, sai su tsaya can cikin teku a riƙa kwaso mutane da kaya a ƙananan jirage, ana yawan hasarar rayuka. Saboda haka kafin yaƙin duniya na farko Turawan mulkin mallaka suka shiga jibge duwatsu, waɗanda aka riƙa ɗaukowa a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, suka yi dogayen ganuwoyi da suka miƙe cikin teku, ɗaya gabas, ɗaya yamma, da wata ƙarama a tsakani. A 1914 babban jirgin teku ya fara shigowa har cikin tasha. Tarkwa Bay yana zaune ne a tsakanin ganuwar yamma da ƙaramar, su ne suke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso.

Ganuwoyin nan sun yi wani aikin da ba a sa su ba. Yashin gaɓar wannan yanki daga yamma yake tafiya zuwa gabas, to da aka tare masa hanya sai ya taru a gefen yamma, inda tsohuwar hasumiyar fitilar jirage take, gefen gabas kuma ya rasa mai ciyar da shi. Dalilin ke nan da teku ta yi shekaru tana cin Bar Beach har takan hau titin Ahmadu Bello. Yanzu Bar Beach ɗin da iyayenmu suka sani babu shi, an cike wurin da yashi tun wajen 2008, an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic, wadda benayenta muke hangowa daga inda muka tsaya.

Matuƙi ya saki anka nesa kaɗan da gaɓa, ya kashe inji, ya zare mabuɗi ya sa a aljihu, sa'an nan ya ce a shiga. Na tambaye shi dalilin zare mabuɗin. Ya ce, "Alhaji, farfelar jirgi wuƙa ce. In mutum yana ruwa, ko ni ban yarda da hannuna ba." Ya sa yaronsa ɗaya a gaban jirgi, ɗaya a baya, ba su da aikin komai sai ƙirga kawuna.

To, daga nan fa sai wasa ya kankama. Aka kama ango aka jefa shi ruwa da rigarsa, ya taso yana tari yana dariya. Waɗanda suka iya iyo suka riƙa tsalle daga saman jirgi, waɗanda ba su iya ba suka riƙe igiya suna wutsil-wutsil da ƙafafu, rigar tana ɗauke da su. An kawo babur ɗin ruwa guda biyu na haya, mai shi yana gaba, fasinja a baya, su zaga su dawo. An kuma kawo wani dogon balan-balan mai siffar ayaba wanda mutum biyar ko shida suke hawa, ƙaramin jirgi ya ja su da gudu, ya yi kwana da gangan ya zubar da su. A ganina wannan shi ne mafi daɗin kallo, kuma shi ne mafi rashin dalili, don an biya kuɗi ne musamman domin a kā da mutum. Ni dai na naɗe wando na tsaya inda ruwa ya kawo gwiwa. A kan rairayi ana gasa kifi da ayaba, ga masu kwakwa suna fasa ta da adda.

Akwai wani abokin ango, mutumin Yawuri, wanda tun a hanya yake ba da labarin yadda yake ƙetare Kwara tun yana yaro. Gaskiya ya iya, don hannunsa ya nuna. Sai ya cire rigar kariya, ya nufi wajen duwatsun ganuwa inda ba kowa. Ba a jima ba muka ga yana iyo da ƙarfi ya fuskanto mu, amma maimakon ya matso sai ƙara nisa yake yi. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba, mafi yawan abokansa ma ba su lura ba, don wanda ruwa ya fara cin ƙarfinsa ba ya samun numfashin kira. Yaron da ke bayan jirgi shi ya gani. Kafin ya kwance tayar ceto, wani yaro ɗan wurin, wanda bai fi shekara 15 ba, ya riga ya isa kan allonsa na wasan igiyar ruwa, ya miƙa masa gefe ya kama, ya ja shi a karkace har suka fita daga inda ruwan yake ja, sa'an nan suka juyo gaɓa.

Iyon kogi daban, iyon teku daban. Kogi gaba ɗaya yake tafiya, wanda ya san shi ya san inda zai fitar da shi. Teku kuwa tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru ya bi wata siririyar hanya da gudu, galibi a jikin duwatsu irin waɗannan. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya, don igiya ba ta fashewa a kansa. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi gaba da gaba da shi, zai gaji kafin ruwan ya gaji. Dabarar ita ce ya bi gefe, ya yi iyo a layi ɗaya da gaɓa har ya fita daga jan, ko ya kwanta rigingine ya huta. In kuma an haɗa da abin sa maye, kamar yadda ake yi a wasu jiragen da muka gani, to ko wannan dabarar ba ta zuwa wa mutum.

Yaran nan masu alluna su ne suka fi kowa sanin wannan ruwa, a cikinsa suka tashi, har wasan hawa igiyar ruwa ya zama sana'ar wasunsu. Na zauna da wanda ya yi ceton, na saya masa kifi. Ya nuna mini wani fili a bayan rumfuna ya ce nan gidansu yake a da. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka zo suka tashi mazauna Tarkwa Bay, dubban mutane, aka ba su ɗan lokaci kaɗan su kwashe kayansu, aka rushe gidaje. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne ana fasa bututun mai da ya taso daga ma'ajiyar Atlas Cove da ke kusa. Satar mai laifi ne, ba mai musun haka, kuma wuta in ta tashi ba ta tambayar wane ne ɓarawo. Amma tashin gari guda saboda laifin wasu abu ne da ya yi nauyi, balle da yake daga baya masu zuwa shaƙatawa sun ci gaba da zuwa abinsu, suna kuma bukatar wanda zai ɗauko musu kujera, ya gasa musu kifi, ya tsamo su in ruwa ya ja su.

La'asar na yi matuƙi ya busa usur. Samari suka roƙe shi a ƙara awa ɗaya don a ga faɗuwar rana, har da alkawarin ƙarin kuɗi. Ango ya zo wurina ya ce, "Baba, ka sa baki mana." Na ce masa bakin da zan sa na matuƙi ne. Hukuma ta hana irin waɗannan jirage tafiyar dare, ga hazon hunturu ya fara rufe Apapa, ga manyan jirage da ba sa iya taka birki. Ban kuma manta da watan Yuni na 2023 ba, lokacin da jirgin da ya kwaso 'yan biki daga wani ƙauye a Jihar Neja ya kife cikin dare a yankin Patigi ta Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu.

Wanda yake da niyyar irin wannan fita, ya nemi tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da teku ta fi lafawa. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan yakan yi fushi, kuma bayan damina wani irin kainuwa, wanda ya shigo ta wajen Badagry a shekarun 1980, yakan rufe hanyoyin ruwa ya naɗe farfela.

Muka iso Falomo ana kiran magariba a masallacin da ke bayan kwata. Yaron jirgi ya ɗauko takardar safe, ya riƙa kiran suna ɗaya ɗaya, kowa ya amsa ya miƙa rigarsa ya fita. Mutumin Yawuri shi ne na ƙarshe, don shi kaɗai ne ya dawo da tasa a ɗaure har wuya.