Kufan Yin: birnin da aka kusa dakewa a turmin magani

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa ƙasar Sin saro haja sun san Guangzhou, sun san Yiwu, wasunsu ma sun fi sanin lungunan waɗannan birane bisa ga na Yamai. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin sunan Anyang. Alhali kuwa kalmar da Sinawa ke kiran ɗan kasuwa da ita har gobe, wato shangren, in an fasa ta ma'anarta "mutumin Shang", kuma a gefen Anyang ne daular Shang ta yi fadarta ta ƙarshe, daga wajen shekara ta 1300 zuwa ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sinawa na kiran wurin Yinxu, ma'ana kufan Yin. Can na nufa, mai karatu, kuma abin da na gano ya shafi mai ciniki, ya shafi mai riƙe da rajista a biro.

Anyang na arewacin lardin Henan, kimanin kilomita 500 kudu da Pekin. Jirgin ƙasa mai saurin nan yana cinye wannan tazara cikin ƙasa da awa uku, ta cikin fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, gonaki da masana'antu iyakar ganinka. Daga tasha mota ce za ta kai ka arewa maso yammacin gari, bakin wani kogi da ake kira Huan, inda ƙauyen Xiaotun yake.

Wanda ya zo yana tsammanin ganin ganuwa ko dogayen soraye zai ɗan yi turus. Mutanen Shang da ƙasa suka yi gini: a zuba ta, a daɓe ta sawu bisa sawu har ta zama dandamali, sannan a kafa ginshiƙan itace, a yi jinka da ciyawa. Itace ya ruɓe, ciyawa ta bi iska. Abin da ido ke gani yau fili ne mai ciyawa da itatuwa, da alamomin da aka sa a gurbin ginshiƙai, da wani zaure da aka sake ginawa bisa tsohon harsashe don baƙo ya kwatanta. Birnin da sarakuna 12 suka yi mulki a cikinsa yana ƙarƙashin tafin ƙafarka, kuma ya kwana a nan shekaru kusan 3,000 manoma suna noma bisa kansa.

Su manoman nan ne suka fara tono shi ba tare da sun sani ba. A ƙarshen ƙarni na 19 garmarsu kan fito da guntayen ƙashi da ƙoƙon kunkuru, su kuwa masu magani na saye da sunan "ƙashin dodo", su daka shi gari, a sha don zazzaɓi, a barbaɗa a miki. Da awo ake sayarwa, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ana ma cewa in manomi ya ga zane-zane a jikin ƙashin sai ya kankare su, domin mai magani ya fi son wanda ba tabo. A 1899 ne wani babban malamin fadar Pekin, Wang Yirong, ya duba zanen nan ya gane rubutu ne, kuma ya girme duk wani rubutun Sinanci da aka sani. Daga ranar farashi ya tashi, aka koma sayar da ƙashi gwargwadon yawan haruffan da ke jikinsa. Dillalai kuwa suka yi abin da dillalai suka saba: suka ɓoye inda haja ke fitowa, suna ambaton wasu garuruwa daban. Sai wajen 1908 wani masani, Luo Zhenyu, ya bi sawu har ya gano Xiaotun.

Me ke rubuce a jikin ƙasusuwan? Sarakunan Shang mutane ne masu bautar kakanni, ba su yin wani babban abu sai an yi duba. Za a ɗauko ƙoƙon cikin kunkuru ko allon kafaɗar sa, a goge shi, a fafe ƙananan ramuka a bayansa, a ɗana masa wuta har ya tsage, sarki ya dubi tsagar ya faɗi abin da ya gani. Duban ba shi ne ya tsayar da ni ba, domin irinsa ba inda babu. Abin da ya tsayar da ni shi ne aikin magatakardan. Da wuƙa suke sassaƙa ranar da aka yi tambaya, da sunan mai duba, da tambayar kanta, da hukuncin sarki, wani lokaci har da abin da ya auku daga baya. Ko za a yi ruwa? Ko geron bana zai yi kyau? Ko a fita yaƙi? Ciwon haƙorin sarki, wane kaka ne ya yi fushi? A wani ƙashi an tambayi yadda haihuwar wata matar sarki za ta kasance, aka rubuta hasashen sarki, sannan magatakarda ya ƙara da cewa mace aka haifa, kuma abin bai zo yadda ake so ba. Ma'aikacin da ya taɓa neman wata takarda ta shekaru 10 a ma'ajiyar biro ya rasa, ya tsaya gaban gilashin nan ya dubi kwanan wata na shekaru 3,200, zai ji wani abu a ransa.

Wannan rajista ce ta fitar da daular Shang daga sahun tatsuniya. Marubucin tarihi Sima Qian ya jera sunayen sarakunanta wajen shekaru 1,000 bayan faɗuwarta, kuma a farkon ƙarni na 20 akwai masana da ke shakkar jerin. A 1917 Wang Guowei ya gwada sunayen da ke jikin ƙashi da na littafin, ya tarar kusan duka sun dace. A 1928 hukuma ta fara haƙa na ilimi, Dong Zuobin da Li Ji suka ja gaba, aka yi zango 15 kafin yaƙin Japan ya tsayar da aiki a 1937. A 1936, cikin rami guda, an tarar da guntaye fiye da 17,000 jibge wuri ɗaya, har sai da aka yanko ƙasar gaba ɗaya, aka sa ta a akwati, aka kai Nanjing don a tsince su a natse. Yau an ƙiyasta guntayen da aka samu sun kai 150,000, haruffa daban-daban fiye da 4,000, amma waɗanda aka iya karantawa ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. A 2016 gidan tarihin rubutun Sinanci da ke Anyang ya sa ladan yuan 100,000, fiye da miliyan 7 na sefa ke nan, ga duk wanda ya warware sabon harafi guda da hujja. Abin da aka taɓa sayarwa da awo.

Daga ɗakin ƙasusuwa ɗan taku kaɗan ne zuwa kabarin Fu Hao, matar nan da aka yi wa duban haihuwa, ɗaya daga matan sarki Wu Ding. Ta rasu wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙasusuwan sun ambace ta tana jagorancin yaƙi, har da rundunar mutum 13,000. Wata masaniya, Zheng Zhenxiang, ita ta gano kabarin a 1976, kuma a cikin kaburburan gidan sarauta shi ne wanda ɓarayi ba su taɓa ba. Ana sauka ta matakala a leƙa ramin, an shirya kwaikwayon kayan yadda aka same su: kayan tagulla fiye da 460, nauyinsu ya wuce ton ɗaya da rabi, da sassaƙen dutse mai daraja 755. Sai kuma abin da Bahaushe zai gane tun daga nesa: wuri, kusan guda 7,000, a garin da ke ɗaruruwan kilomita daga teku.

Kakanninmu da wurin nan suka yi ciniki a Katsina da Damagaram da Kano har shigowar Nasara, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Sinawa ma bakinsu ya riƙe abin da hannunsu ya saki. Hoton wuri da magatakardan Shang suka zana yana nan cikin haruffan yau masu nufin dukiya, da haja, da tsada, da rance, da talauci, har da ɓarawo. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke karɓar takardar kaya a Guangzhou, in ya duba da kyau, akwai wuri a ciki.

Sai dai kada tagulla ta rufe mana ido. A kabarin Fu Hao an binne mutum 16 da karnuka 6 tare da ita. Ƙetaren kogi, a maƙabartar sarakuna, akwai ramuka fiye da 2,000 na hadaya, jere cikin layi kamar kunyoyin gona, wasu an bar su a buɗe ƙarƙashin gilashi, ƙasusuwan mutane a kwance, da yawa ba kawuna. Galibinsu fursunonin yaƙi ne. Su ma magatakardan sun rubuta adadinsu, da hannu ɗaya da natsuwa ɗaya da suka rubuta adadin shanu. A wajen nan baƙi kan rage surutu ba tare da an ce musu ba.

A wannan gefen ne manoman ƙauyen Wuguan suka tono wata tukunyar tagulla mai ƙafa huɗu a 1939, nauyinta kilo 832, ita ce mafi nauyi cikin tsofaffin kayan tagullar Sin. Lokacin sojan Japan na riƙe da yankin. Mutanen ƙauye suka mayar da ita ƙasa suka rufe, ba ta sake fitowa ba sai 1946, yanzu tana babban gidan tarihi na Pekin. Jikokin waɗanda suka sayar da ƙashi ga masu magani ke nan, cikin shekaru 40 kacal. Bambancin shi ne a tsakani wani ya zo ya nuna musu mene ne ke cikin gonarsu. UNESCO ta sa Yinxu cikin kayan gadon duniya a 2006, an kuma buɗe sabon gidan tarihi a bakin kogin a 2024.

Mu ma muna da namu Xiaotun. A Bura, cikin yankin Tera, an gano tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, Boubé Gado na jami'ar Yamai ya yi haƙa a 1983, sannan a shekarun 1990 masu tono da dillalai suka afka wa wuraren, har aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin duniya kada ta saya, a 2000. Tukunyar da aka fizge daga gurbinta ba tare da an auna ba, ba tare da an rubuta ba, ta zama kayan ado a falon wani, ba ta ƙara ba da labari. Dillalin da aka kawo wa irinta a kasuwa, da ma'aikacin duwan da ta biyo ta gabansa cikin kwali, su ne ke yanke hukunci ko za a karanta ta ko za a daka ta.