Wasiƙa daga Jidda: Ni da Dinamo

  Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi irin na bakin teku.

Yau zancen ruwa zan yi muku. Ruwan da muke sha a Jidda yawancinsa na Bahar Maliya ne, ana cire masa gishiri a Shu'aiba, kudu da gari, a turo mana. A unguwarmu ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa kowane gida ke da tanki biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a saman bene. Idan na ƙasa ya ƙafe sai a kira tankar ruwa, wadda a nan ake ce wa wayit. Abin da ke haɗa tankunan biyu shi ne ɗan injin tura ruwa, Larabawa na ce masa dinamo. Namu rabin doki ne, kuma da yake ɗakina ne kusa da shi, ni maƙwabta ke ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Shekaru sun sa na san kukansa. In ya yi gurnani bai juya ba, sai in kashe wuta nan take, domin in an bar shi waya za ta ƙone. In zura sukundireba ta baya in juya fanka. In ta cije, datti ne ko tsatsa suka riƙe shi. In tana juyawa sumul, to kafasita ce ta mutu, ita ce mai ba shi ƙarfin tashi. Ba ta da tsada, a dai sayo mai lamba ɗaya da tsohuwar.

In kuwa yana gudu lafiya amma ruwa bai hau ba, iska ce ta shiga. Irin wannan inji ba ya jan iska, sai cikinsa na cike da ruwa. Akwai ɗan noti a kansa, a kwance a ɗura ruwa har ya tumbatsa, a ɗaure. In gobe ya sake, a duba bawul ɗin da ke ƙarshen bututu cikin tanki, wanda ke hana ruwa komawa ƙasa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Babban abokin gabarsa shi ne gudu babu ruwa. Akwai wani zobe tsakanin mota da kan injin da ke tare ruwa, kuma ruwan ne ke sanyaya shi. Mintuna kaɗan a bushe sai ya lalace, ka fara ganin ɗiga a ƙasa. Don haka muka sa masa awwama, wato ƙwallon da ke yawo a kan ruwa, yana yanke wuta in tanki ya yi ƙasa.

To Yaya, ga amsar saƙonka. Ka ce in aiko da irin wannan inji ta hannun alhazai a sa wa Inna a rijiya, ta huta da jiran 'yan ga-ruwa. Ni ma abin na damuna, ga shi bayanta ba ya son guga yanzu. Amma injin nan ba zai yi ba. Wutar Saudiyya bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu ta gida 50. Injin da aka ƙera don nan, in ya je Kano gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ƙarfin tura ruwa sama ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, ga zafi da zai riƙa ɗauka. In aka haɗa da wutar NEPA mai zuwa a raunane, ba zai yi ƙarko ba.

Na biyu, injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya jan ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, komai ƙarfinsa. Rijiyar gidanmu kuwa ka san yadda take ja da baya a bazara. In ta wuce haka, sumo ake bukata, wanda ake zurawa cikin ruwan.

Saboda haka a sa yara su ɗaura dutse a igiya, su auna daga baki zuwa fuskar ruwa, su ƙara aunawa zuwa ƙasa, a turo mini. Zan aiko da kuɗi a saya a nan gida, inda in ya lalace mai gyara na kusa. Kafin nan kuɗin ga-ruwa na wuyana, kada Inna ta ƙara taɓa guga.

A gaishe ta da kyau, a gaida yara da mutanen layi. Sai wasiƙa ta gaba.