Rijiya da Guga: Labarin Wani Mai Kula da Laburare

A wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke wani gari a ƙasar Katsina, akwai wani dattijo wanda ya yi kusan shekara talatin yana riƙe da mabuɗin laburare. Malamai da 'yan makaranta duka Malam kurum suke ce masa, gama in an ce Malam a bakin wannan ɗaki, kowa ya san wanda ake nufi. Bai taɓa yin karatun aikin laburare ba. Malamin aji ne wanda aka danƙa wa mabuɗin ran da aka yi wa mai riƙe da shi canjin wurin aiki, aka ce ya riƙe kafin a aiko da wani, har yau kuwa ba a aiko ba. Da kansa ya koyi tsarin nan na jera littattafai wanda Melvil Dewey ya fito da shi a Amurka cikin 1876, ya san littafin nahawun Hausa lambarsa 493.72, na adabin Hausa kuwa 893.72, kuma da hannunsa ya rubuta kowane kati da ke cikin akwatin katunan ɗakin.

Cikin watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya sabo da annobar korona. Da aka komo bayan watanni, Malam ya buɗe ƙofa ya tarar ruwan damina ya yi ta zuba ta inda iska ta ɗage kwano, gara kuma ta bi bango ta hau kanta uku. Ya yi mako guda yana ware abin da za a iya ɗinkewa daga abin da ya zama ƙasa. Tun daga nan ɗakin bai sake komawa yadda yake ba, kuɗin sayen sababbin littattafai kuwa an daɗe da daina ko maganarsa.

Ana nan, bayan 'yan shekaru, sai tsofaffin ɗaliban makarantar suka kawo kyautar kwamfutoci goma sha biyu da na'urar samun lantarki daga hasken rana. Kyautar ta zo a kan gaɓa, domin tun 2015 ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a a Nijeriya sai a kan kwamfuta, yaran ƙauye da yawa kuwa ran jarrabawar suke fara taɓa ta. Sai dai ba ɗakin da ke da ƙofar ƙarfe da tagogi masu waya in ba laburare ba. Shugaban makaranta ya kira Malam ofis, ya ce, "Malam, zamani riga ne. Duk abin da ke cikin littattafan nan yanzu yana cikin wayar da ke aljihun yaro. A kwashe su a kai sito, a ba kwamfutocin wuri." Malam ya yi shiru, can ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon zango ɗaya. A sa na'urorin a gefe guda, a bar mini kantuna, in ga wannan abin da aka ce ya haɗiye littattafai." Shugaba ya yarda, ba don ya gamsu ba, sai don ganin girman furfura.

A shekarar aka kawo wata malama sabuwa, wadda ta gama karatun Hausa a jami'a. Ita Malam ya tare, ya ajiye girman kai ya ce ta koya masa. Ita kuwa Baba take ce masa, kuma kowace Talata da Alhamis in an tashi sai su zauna gaban kwamfuta ɗaya, ta jona ta da wayarta.

Abin da ta fara nuna masa shi ne ƙamusun Bargery. Malam ya san shi tun yana kwalejin horon malamai, watau ƙaton littafin nan mai shafi fiye da 1,200 da aka buga cikin 1934, wanda ba a ba da aronsa, sai dai mutum ya duba a tsaye mai laburare yana kallonsa. Makarantarsu ba ta taɓa mallakarsa ba. Ga shi kuwa an ɗora shi a intanet, mutum ya rubuta kalma ta fito nan take. Malam bai yarda ba sai da ya jarraba shi da kalmomin da ya ji a bakin kakarsa mai kaɗi, ya ce ta rubuta mazari, ta rubuta abawa, ta rubuta ƙoshiya. Duka suka fito. Ya cire tabarau ya goge, ya ce lalle gani ya kori ji. Amma bai tashi ba sai da ya lura da abu biyu. Na ɗaya, bayanin ƙamusun da Turanci yake, ɗan aji biyu kuwa ba zai amfana da shi ba sai da malami a kusa. Na biyu, Hausar da ke ciki ta shekara casa'in da suka wuce ce, sabo da haka yaron da ya nemi kalmomin zamaninsa ba zai same su ba.

Daga nan ta kai shi rumbun nan da ake kira Internet Archive, wanda aka kafa a Amurka cikin 1996, inda aka ɗauki hoton tsofaffin littattafai shafi-shafi aka ajiye don kowa ya karanta kyauta. A can suka sami Magana Hausa na Schön wanda aka buga cikin 1885, da littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa na Rattray mai juzu'i biyu na 1913, wanda wani malami da ake kira Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da a yau ake kira Gana. A nan ne karatu ya juya. Malama ta nemo littafin cikin ƙiftawar ido, amma da shafin ajami ya bayyana sai ta tsaya tana haɗa baƙi da ƙyar. Malam, wanda ya fara da allo kafin boko, ya matso da kujera ya karanta mata tiryan-tiryan, yana nuna mata inda rubutun wancan zamani ya saɓa da na yau. Tun ranar ta daina ɗaukar zaman a matsayin taimakon tsoho, ta riƙa zuwa da littafin rubutu.

Babbar damuwar Malam dai ba manyan littattafai ba ce, 'yan aji ɗaya ne, waɗanda da yawansu kan zo daga firamare ba su iya karanta jimla guda ba tare da in-ina ba. Ba abin da ke warkar da wannan ciwo sai ƙananan littattafai masu hoto da yawa, waɗanda yaro zai gama ɗaya ya ji daɗin ya gama, ya ɗauki wani. Irinsu ne kuwa gara ta fi ci. Malama ta nuna masa African Storybook, wani shiri da wata ƙungiyar ilmi ta Afirka ta Kudu ta buɗe cikin 2014, mai ɗauke da labaran yara cikin harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa. An sake su ne bisa irin iznin nan na Creative Commons, watau kowa na iya saukewa, ya buga, ya fassara, ko ya gyara, muddin dai ya ambaci masu aikin na asali. Malam ya sa aka karanta masa sharaɗin sau biyu, sa'an nan ya ɗauki jan biro. Waɗansu labaran Hausarsu garau take. Waɗansu kuwa da ji an san daga Turanci aka jawo su, an bar ƙirar jimlar Turanci a ciki, ga kuma rashin ƙugiya, inda baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. Bai yarda an buga ko ɗaya ba sai da ya bi shi layi-layi. Waɗanda suka tsallake aka buga a wani shago a cikin gari da kuɗin da malamai suka harhaɗa, ya ɗinke su da allura da zare kamar yadda ya saba yi wa tsofaffin.

Saura maganar kuɗin data da raunin sabis, gama wayar malama ba za ta ɗauki makaranta duka ba. Maganin wannan shi ne wata manhaja mai suna Kiwix, wadda aka fara cikin 2007 domin wuraren da intanet bai wadata ba. Mutum kan sauke kundi sukutum sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, kamar kundin Wikipedia na Turanci ko na Hausa, ya zuba a filash, ya kawo ya sa a kwamfuta, daga nan a yi ta karatu ba tare da an jona da kome ba. Haka malama ta yi da ta je birni hutun mako. Amma ba duk abin da aka gwada ne ya zauna ba. Ta yi masa kwaɗayin Koha, manhajar tsara laburare wadda aka fara aiki da ita a ƙasar Niw Zilan cikin 2000, kuma kyauta ce. Da suka bincika sai suka ga tana bukatar wanda ya san kafa ta da kula da ita, su kuwa ba su da shi. Malam ya ce a bar ta, a shigar da sunayen littattafai cikin jadawali mai sauƙi a kwamfuta, akwatin katuna kuma ya zauna inda yake, domin shi ba ya jiran rana ta fito.

Abin da ya fi tsaya wa Malam a rai ya faru ne wajen tsakiyar zango. Malama ta ba 'yan aji biyar aiki a kan littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Wani yaro mai ƙwazo ya kawo shafi biyu da Hausa mai santsi, a ciki an ce Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta Ruwan Bagaja. Da aka tambaye shi, ya ce ya tambayi irin manhajar nan ce mai ba da amsa kamar mutum, a wayar yayansa, kuma ai na'ura ba ta ƙarya. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya kama hannunsa zuwa kanta mai lamba 893.72, ya zaro Ruwan Bagaja wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya ce, "Yaro, karanta sunan da ke nan." Ya karanta, Abubakar Imam. Ya zaro Shaihu Umar, ya ce karanta wannan. Yaron ya karanta, ya sunkuyar da kai. Washegari Malam ya rubuta tambayoyi uku a kwali da manyan baƙaƙe, ya manna a bangon da ke bisa kwamfutocin: Wa ya rubuta? Yaushe ya rubuta? Daga ina ya samo? Ya kafa doka cewa duk wanda ya kwafo abu daga na'ura sai ya amsa su a ƙasan aikinsa, wanda ya kasa kuwa ya nemi shaida ta biyu a kanta.

Har wa yau akwai abin da ya ƙi. Yara sukan zo masa da hotunan sababbin littattafan Hausa da ake yawo da su a waya, su ce a zuba a kwamfuta kowa ya samu. Yakan ce a'a, littafin Schön ya zama na kowa don mai shi ya daɗe a ƙasa, labaran yaran nan kuwa masu su ne suka ba da izni, amma wannan marubucinsa yana da rai, yana da iyali, da cinikin littafin yake cefane.

Hausawa kan ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Abin da zangon ya koya wa Malam shi ne, intanet rijiya ce mai zurfi ga mai Turanci, amma ta ɓangaren Hausa ruwanta bai taru ba tukuna, wanda ke akwai ma wani da laka yake. In yaro ya nemi bayani a kan zagayen jini da Turanci zai sami fiye da abin da zai iya karantawa, in ya nema da Hausa sai ya sami 'yan layuka, wani lokaci ma fassarar na'ura ce da ba a bi ta kanta ba. Don haka ya ce ba ɗiba kaɗai ya kamace su ba, har da yasa. Ya sa 'yan aji huɗu su karɓo tatsuniyoyi daga kakanninsu, shi ya gyara rubutun, malamin zane ya yi hotuna, malama kuma ta shiga ɗora su ɗaya bayan ɗaya a shirin labaran nan, da sunayen waɗanda suka bayar bayan an nemi yardarsu.

Ƙarshen zango shugaba ya shigo ba sanarwa. Ya tarar kujerun kwamfuta cike, 'yan aji ɗaya kuma zaune a tabarma kowa da ɗinkakken littafinsa, wata yarinya na tsaye tsakanin na'ura da kanta tana gwada abin da ta gani a nan da abin da ke can. Ya karanta kwalin bango, ya juya ya fita. Bai sake ta da maganar sito ba, bai kuma ce ya janye ta ba.

Yanzu saura wa Malam shekara ɗaya ya yi ritaya, malama kuwa ana raɗe-raɗin za a mai da ita birni. Ya fara rubuta duk abin da suka koya cikin wani babban littafin rajista, da sunan kowane rumbu, da abin da ake samu a cikinsa, da inda ya kamata a yi hattara da shi. Ɗaliban da ke karatun Hausa a jami'a a yau, da yawansu aji za su koma, kuma ba mamaki wata rana a miƙa wa ɗayansu irin wannan mabuɗi, a ce ya riƙe kafin a aiko da wani. Malam ya ce don shi yake rubuta rajistar, kuma a shafin farko ya fara da gargaɗi cewa a riƙa duba kwano kafin damina.